Kafaɗar Hagu

Shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu a Stonehaven.
Ranar da na ajiye jakar
aka ba ni agogo, da kati mai sa hannun mutum goma sha ɗaya,
ɗaya a cikinsu ban ma san shi ba.
Agogon yana cikin durowa.
Biyar saura kwata idona ke buɗewa da kansa,
sabo turken wawa.

Ishbel ta daina fita tun da gwiwarta ta ƙi.
Rediyo ya faɗi yadda gari zai kasance, ba ta yarda ba,
sai na je na ɗebo mata labarin a fuskata.
"Hularka," in ji ta, ko ɗagowa daga kofin shayi ba ta yi ba.
Na ɗauki hulata.

Yau yayyafi ne, irin munafukin nan
da ba ya sauka, rataye yake a iska
yana jira ka shigo cikinsa da ƙafarka.
Jiya iskar gabas ce, ta taso daga teku da gishiri a baki,
ta karya mini laima ta uku a bana.
Shekaranjiya rana ta leƙo na minti ashirin,
kowa ya fito yana washe haƙora kamar an biya shi tsohon bashi.

Ta gangare nake bi zuwa bakin ruwa.
Ƙofofin nan babu wadda ban san bakinta ba:
lamba tara mai cizon yatsa,
lamba sha huɗu da karenta ya taɓa yage mini wando.
Koriya ce a da, yanzu an shafe ta da ruwan toka,
wasu yara ne daga Aberdeen suka saya,
ba a aiko musu wasiƙa, sai kwalaye.
Har gobe ƙafata kan karkata ta nufi ƙofar mutane,
sai na tsawata mata.

Kafaɗata ta hagu ta fi ta dama sauka.
Likita ya auna, ya ce inci guda.
Jakar ta tafi, nauyinta ya ƙi bin ta.

A tashar jirage Struan na kan bencinsa,
hannuwan da suka ja koma shekara arba'in
suna kwance a cinya kamar ba nasa ba.
"Za a yi ruwa," in ji shi.
Na ce ai an fara.
Ya dubi sama, ya gyaɗa kai, hira ta ƙare.
Da mu uku ne. Sunan Murdo yanzu
yana kan ɗan ƙarfen da aka kafa a jikin bencin,
muna zama gefe da gefensa, ba ma jingina da shi.

Akwai ranakun da hazon teku ke haɗiye katangar tashar,
ba ka ganin jirgi ko ɗaya,
sai dai ƙarar igiyoyi suna bugun ƙarfe, ƙwal, ƙwal.
Su na fi so, ban san dalili ba.

A Janairu ƙanƙara ta kayar da ni gaban gidan burodi.
Yarinyar kantin ta ɗaga ni, tana ta sannu, sannu.
Ni na kai wa uwarta katunan barka ranar da aka haife ta.
Ban faɗa mata ba. Ban faɗa wa Ishbel na faɗi ba,
amma ta ga gwiwar wandon.

Takwas da rabi ina dawowa,
sabuwar mai raba wasiƙu ta tsayar da jar motarta,
ta miƙo mini ambulan ta taga.
Na ɗan auna shi a tafin hannu: kuɗin wuta ne.

Ishbel ta shafa hannun rigata, ta shinshina yatsunta.
"Sun ce ba ruwa sai azahar."
Na ce ƙarya suke.
Ta matso mini da butar shayi.